Lutris: wata biyu ina girka gem da shi a Linux

Kwamfutata ta tebur 'yar gwanjo ce, kuma ba ta da TPM 2.0, na'urar tsaron nan da Windows 11 ke nema. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai na tattara na koma Linux Mint, wani nau'in Linux, tsarin da ake sa wa kwamfuta a madadin Windows. Rubutu da shiga intanet duk lafiya lau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gem, don kusan duk waɗanda na saya an yi su ne domin Windows.

Da farko da hannu na gwada, da Wine, manhajar nan da aka faro tun 1993 don kayan Windows su yi aiki a Linux. Gaskiya ban san kanta ba. Kwana biyu ina kwafo umarni ina mannawa, in gyara sauti in ɓata hoto. Ƙanina ya leƙo ya ce, "Yaya, kai dai da son wahala. Sa Lutris mana."

Lutris kyauta ne, wani Bafaranshe mai suna Mathieu Comandon ya fara shi a 2009. Dabararsa ita ce, gem da yawa suna da rubutaccen tsarin girkawa da masu amfani da manhajar suka riga suka shirya. Kai dai ka nemo sunan gem ɗin ka danna. Shi zai ware masa ɗakinsa mai kama da Windows, har da C: a ciki, ya zaɓo Wine ɗin da ya dace, ya haɗa da DXVK mai juya DirectX (tsarin nuna hoton gem na Windows) zuwa Vulkan da Linux ke ganewa, sannan ya ajiye maka hoton gem ɗin a jere da sauran. Aikin da ya ci mini kwana biyu, a nan danna-danna ne kawai da jiran saukewa. Kuma tunda kowane gem ɗakinsa daban, in ɗaya ya rikice ba ya shafar maƙwabcinsa. Wannan ya fi komai burge ni.

Na gwada shi da The Witcher 3, wanda na saya a GOG, wani shagon sayar da gem a intanet. Na shigar da asusuna na GOG cikin Lutris, duk abin da na mallaka ya bayyana. Da datar dare na sauke, sau biyu ana ɗauke wuta. Da aka gama na danna, sai baƙin allo. Har na fara ƙunƙuni, ashe laifina ne: ban sa direban Nvidia ba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfutar. Na sa shi daga Driver Manager na Mint, na kashe na kunna, sai ga gem yana tafiya sumul.

Ga mai sayen data da kuɗinsa, haɗin Lutris da GOG shi ne riba. Gem ɗin GOG ba su da makullin da ke tilasta maka shiga intanet kafin ka buga, kuma ana ba ka fayil ɗin girkawa ka riƙe abinka. Nawa suna cikin wani babban filash. Ranar da na goge kwamfutar, daga filash ɗin na nuna wa Lutris fayil ɗin, ban sake sayen datar saukewa ba.

Amma kada wani ya ɗauka komai yake iyawa. Valorant da Fortnite ba sa tafiya a Linux saboda manhajarsu ta hana maguɗi, kuma wannan ba abin da Lutris zai iya gyarawa ba ne. Tsare-tsaren girkawar kuma 'yan sa-kai ke rubutawa, don haka nakan karanta bayanin da ke jikin kowanne kafin in danna. Gem ɗin shagon Steam kuwa ban ga dalilin biyowa da su ta nan ba, Proton, manhajar kunna gem ɗin Windows a Linux da kamfanin Valve mai Steam ya fitar a 2018, ya wadatar. Na shagon Epic, waɗanda nake kwasa kyauta duk ranar Alhamis, Heroic, wata manhaja irin Lutris, nake buɗe musu don ya fi mini sauƙi.

Yanzu gem tara ke jere a Lutris ɗina. Ƙanin nawa da ya nuna mini hanya, shi ke riga ni hawa kujerar duk ranar Asabar.