Sharhi Kan Sashen Sanarwar Rasuwa na Jaridar Yankinmu

Abin da ya fi gamsar da ni game da sashen sanarwar rasuwa na ƙaramar jaridar yankinmu shi ne ba sa buga ko da layi ɗaya sai sun ji daga bakin iyalan mamacin. Da muka kai sanarwar rasuwar kawuna, ma'aikaciyar ta kira babban ɗansa ta tabbatar, sannan ta karanta mana cikakken sunan a hankali, domin suna guda da aka rubuta ba daidai ba yana iya tayar da hankalin gidan da babu abin da ya same su. Ta kuma tambaya ko muna son a ambaci ciwon da ya yi ajalinsa, kuma da muka ce a'a, ba ta sake tayar da maganar ba.

Inda suka gaza shi ne lokaci. Sanarwar da ta iso bayan an tashi aiki sai washegari take fita, alhali 'yan uwa na nesa suna bukatar sanin lokaci da wurin jana'iza tun da wuri. Ya kamata su ware mutum guda da zai riƙa karɓar irin wannan saƙo da daddare.