Wasiƙa daga Kansas: filin golf ɗin faifai na garinmu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yara. Ka tambaye ni inda mutanen nan suke hutawa da yamma. A ƙaramin garin da nake akwai wurin shaƙatawa na hukumar gari, a cikinsa kuma akwai filin wani wasa da ya shiga raina, golf ɗin faifai.

Ba irin golf ɗin manyan mutane na Kano da Kaduna ba ne. Faifan roba kake jefawa, kana binsa har ka zura shi a kwandon ƙarfe da ke kan sanda. Wanda jifansa ya fi kaɗan shi ya ci. Wani Ed Headrick ne ya tsara filin farko a California a 1975, shi kuma ya ƙirƙiro kwando mai sarƙoƙi. Faifai na bugun sarƙa sai ƙarfinsa ya mutu, ya faɗa ciki.

Namu kwando tara ne, shiga kyauta, faifai kuwa da dala 10 zuwa 20 ka samu mai kyau. Abin da ya fi burge ni shi ne dandamalin jifa. Siminti ne da aka bar fuskarsa da kaushi da gangan, ko an yi ruwa ƙafa ba ta zamewa. Gefensa ga allo mai nuna nisa da inda kwandon yake. Wanda ya tsara filin ma ya san aikinsa, domin bai sare bishiyoyi ba, da su ya yi amfani: wani wurin dole ka lanƙwaso jifa ta hagu, wani ka ratsa tsakanin itatuwa biyu.

Amma akwai gyara. Hanyar kwando ɗaya ta gitta inda tsofaffi ke tattaki, kuma faifan da ake jifan nesa da shi bakinsa siriri ne, in ya sami mutum zai ji ciwo. Wannan yana damuna ƙwarai. Can wajen rafi kuma da damina taɓo ne, ciyawa na haɗiye faifai. Shi ya sa kowa ke rubuta lambar wayarsa a bayan nasa, kuma wallahi ana kiran mutum a mayar masa.

Mai waldan unguwarmu na can gida zai iya ƙera kwandunan nan tsaf. Abin da muka rasa shi ne filin da ba za a yanka filoti ba, da hukumar da za ta riƙa yanke ciyawa. A nan ma 'yan wasan ne ke fitowa aikin gayya su share hanya. Garin Emporia na jiharmu da wannan wasa ya yi suna, baƙi na zuwa gasa daga ƙasashe.

Zan sako faifai uku cikin kayan da zan aiko. Ka ba yara su gwada a filin makaranta, amma nesa da mutane.