Turmi ɗaya mai tabo, da yadda muka ƙare da Hajiyar Domayo

Lefen ƙanina ne ya haɗa ni da ita. Tana da shagon atamfa da leshi a unguwar Domayo, can Marwa a arewacin Kamaru, amma yawancin cinikinta a WhatsApp take yi. Ni kuwa ina unguwar Yelwa a Garwa, tsakaninmu tafiyar kilomita 200 da ɗoriya. Na zaɓi turmi 6 a hoto, na tura kuɗi ta Orange Money, washegari da la'asar aka kira ni daga ajans, wato ofishin motocin haya da ake aiko saƙo ta wurinsu, in je in karɓi kaya.

Ƙa'idarta kwana 7 ce: in an wuce haka, ba musaya, ba mayar da kuɗi. Na san da wannan. Sai dai wa yake warware atamfar lefe? Leda kawai na duba, na jera su a akwati. Ana cikin haka aka ɗaga bikin zuwa bayan Babbar Sallah. Sai a kwana na 26, da gwaggonmu ta zo duba kaya ta ce a buɗe kowane turmi, muka ga wani dogon tabo a cikin ninkin guda ɗaya, inda rini ya zarce ya ɓata zanen, ya fi kamu biyu. Da an kai shi gidan amarya a haka, da mun sha kunya.

Na yi mata saƙon murya gabana yana faɗuwa, don na san lokaci ya wuce. Ba ta amsa ba sai washegari. Ta ce: "Maman Ummi, ki yi haƙuri. Ki ɗauko mini bidiyo tun daga bakin turmin har ƙarshensa, da takardar da ke manne a jiki." Ta tambaya ko an yanka, ko an wanke, ko an turara. Da fari abin ya ɗan sosa mini rai, kamar ba ta yarda da ni ba. Daga baya na gane hujjarta. Zanen da ya sha turaren wuta ko ya taɓa ruwa ba zai sake sayuwa ba, kuma ta ce an sha dawo mata da kayan da aka riga aka ci ado da su.

Da ta ga bidiyon, ta ce wannan aibi ne daga masaƙa, kuma kwana 7 ɗinta ba ta shafi aibin da ke ɓoye a ninki ba. Haka ma malamanmu suke karantarwa a babin ciniki, cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da bai sani ba. Irin zanen ya ƙare a wurinta, don haka ta ce in mayar, ta ba ni kuɗina. Na biya sefa 1,500 na ajans, ita kuma ta turo sefa 18,000 cif, ta ɗora kuɗin cirewa har da harajin nan na kashi 0.2 cikin ɗari da gwamnati ta sa wa tura kuɗi ta waya tun 2022. Wannan ɗan ƙarin ya burge ni ƙwarai, don da yawa ba sa tunawa da shi.

Ganin ta sauko, sai na ce ta haɗa da wani turmin mai ruwan goro da bai kwanta wa gwaggo ba. Nan ta ƙi. Ta ce wannan lafiyarsa lau, canjin ra'ayi ne, kuma wa'adinsa ya riga ya wuce. Ban ji daɗi ba a lokacin, amma gaskiya tana gare ta.

Abu biyu nake so ta gyara. Kuɗin sai da ya kwana 5 bayan kayan sun isa hannunta, kullum ana ce mini yaron shago bai je ajans ba. Sannan ƙa'idar tata a sitatus ɗin WhatsApp kawai take sakawa, abin da yake ɓacewa bayan awa 24. Ya kamata ta riƙa tura wa kowa ita a rubuce tare da rasit, ta kuma ƙara da cewa a warware turmi a duba ranar da ya iso.

Zan sake saye a wurinta, har na ba ƙawayena biyu lambarta. Mai ruwan goron kuwa na bar wa kaina, yana wurin tela yanzu, shi zan saka ranar kamu in sha Allahu.