Audiomack ta yi mini, amma ba ta kori masu tura waƙa ba

Abin da ya riƙe ni a Audiomack, manhajar sauraron waƙa a waya, shi ne sauke waƙa kyauta. Idan na samu data mai arha da daddare sai in kwashi waɗanda nake so, washegari in saurara a hanya ko da babu sabis. Ga wanda yake lissafin data kamar yadda yake lissafin cefane, wannan kaɗai ya isa dalili.

Kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a 2012, amma mawaƙanmu sun rungume shi sosai saboda ɗora waƙa a kansa ba ya buƙatar ko sisi. Yaron da ya yi waƙarsa a ɗan situdiyon unguwa zai ɗora ta yau, gobe a ji ta a Damagaram ko zangon Kumasi. A da kuwa sai ya bi ta hannun dillalan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, su buga kaset ko faifan CD in sun ga za ta karɓu, in ba su ga haka ba ta mutu a aljihunsa.

Akwai talla a tsarin kyauta, wannan ban damu da shi ba, su ma da shi suke ci.

Inda mai sauraro ya kamata ya lura shi ne, waƙar da ka sauke tana zama ne a cikin manhajar. Ba za ka tura wa ƙaninka ita ta Xender ba, ba za ka zuba ta a memori ka ba direban mota ba. Mu kuwa a nan waƙa hannu da hannu take yawo. Shi ya sa har yau masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suke zaune da kwamfutocinsu, su cika maka memori da 'yan canji. Mawaƙin ba ya samun komai daga wannan cinikin, sai dai suna, kuma sunan ne yake kawo masa gayyatar biki da ta 'yan siyasa, inda kuɗin gaske yake.

Mai babbar waya da yake son mawaƙinsa ya ga adadin masu sauraronsa na ƙaruwa, Audiomack za ta yi masa. Mahaifiyata da ƙaramar wayarta mai madannai kuwa, har yanzu memori nake cika mata da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin gargajiya.