Mai rewayan da ya gyara mini soket ɗin ƙofar mota a Birnin Kebbi

In kana da irin motar nan da ake cire wa ƙofa, akwai wani mai rewaya wajen hanyar Argungu da zan tura ka wurinsa ban ji kunya ba. Ba zan kama sunansa ba, don bai san ina wannan rubutu ba.

Motata Jeep Wrangler ce ƙirar 2012, samfurin da ake kira JK, wanda aka ƙera daga 2007 zuwa 2018. Beljiyam na saye ta. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, nakan cire ƙofofin gaba kafin in gangara fadama duba shinkafar rani. Cirewar ba wuya: noti biyu, maɗauri, sai soket guda a ƙarƙashin dashbod, wajen ƙafa. Ta wannan soket ɗin wuta ke isa injin gilas da makulli da madubi.

Bara gilas ɗin gefen direba ya fara tsayawa a rabi, makulli kuma sai ya ga dama yake amsa rimot. Wanda na fara kai wa ya ce a yanke soket ɗin a murɗe wayoyin a naɗe da salatif. Ke nan ƙofa ta daina ciruwa har abada. Na ɗauke motata.

Shi wannan bai taɓa almakashi ba. Kan batir ya fara cirewa, sannan ya zare soket ɗin ya haska da fitilar wayarsa ya ce in duƙo. 'Yan ƙarafan nan na ciki, sirara kamar allura, ɗaya ya lanƙwashe, biyu sun yi kore-kore, ga ƙurar hunturu ta daskare a gindinsu. Ya ja wata waya ta baya a hankali, sai robar ta miƙe. Ashe tagullar ciki ta tsinke, fatar ce kawai ke riƙe.

"Alhaji, wanga soket ba shi da laifi," in ji shi. "Ƙasa ta ci shi, kuma akwai mai jan shi ta waya."

Yaran gona ne, na san su.

Bayaninsa ya shige ni. Ƙarafan, ya ce, an shafa musu kuza ne siriri a sama, kowace cirewa da mayarwa tana ɗan kankare shi. In ƙura ta shiga sai kankarar ta ƙaru, in damina ta kawo laima sai tsatsa ta kama. Ramukan da ƙarafan ke shiga su ma bakinsu na saki. Wuta ta rage wucewa, wurin ya riƙa ɗumi. Injin gilas ya fi sauran jan wuta, shi ya sa shi ke fara nuna alama.

Ya zare ƙarafan da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, ya sa waɗanda ya ciro daga tsohon soket na Beljiyam, ya matse su da filaya ta musamman, ya rufe mahaɗar da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Ya fesa maganin wanke soket, ya ɗan shafa farin giris na lantarki, ba baƙin nan na bakanike ba.

Inda zan yi ƙorafi, mutumin ba shi da sauri. Ya ce in dawo la'asar, mota ta kwana. Waya kuma ba ya ɗagawa in yana aiki. Kuɗinsa ya fi na sabon soket mai araha da ake samu a kasuwa, sai dai na ga irinsa a kwandon shararsa, robar ta tsage saboda zafi.

An yi damina an yi hunturu tun gyaran, gilas na hawa har ƙarshe, makulli na amsawa. Sharuɗɗan da ya gindaya mini nake bi: a sauke gilas kafin a cire ƙofa, a fara janye jan makullin soket ɗin, a kama jikinsa a ja, a mayar da shi a miƙe ba tare da dannawa da ƙarfi ba, kuma in ƙofa na ajiye a ɗaure bakinsa da leda. In za ka je, je da sassafe, kuma ka tafi da ƙofar a jikin motar, don sai ya gwada gilas a gabanka yake karɓar kuɗi.