Jirgin Ruwan Shaƙatawa a Turai: Abin Dubawa Kafin a Biya Kamfanin da Ba a Sani Ba

'Yan uwa na gida, masu shirin zuwa hutu Turai suna yawan tambaya: an ga wani kamfanin jirgin ruwa yana tallar kwana 7 a Bahar Rum da araha, amma ba a taɓa jin sunansa ba, a biya ko a haƙura? Rashin sanin suna ba aibi ba ne, don kowane kamfani da mutanen da yake yi wa kasuwa. AIDA da Mein Schiff na Jamusawa ne, sanarwa da wasanni duk da Jamusanci, wanda ba ya ji zai ƙare mako a takure. P&O na mutanen Ingila ne, yana tashi daga Southampton. MSC da Costa suna ɗibar fasinja a Genoa da Barcelona da Marseille, kuma suna sanarwa cikin harsuna da dama. AIDA da Costa da P&O ma uwarsu ɗaya, wato Carnival ta Amurka.

Kuɗin da ke jikin talla ba shi ne kuɗin tafiya ba. Na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗaki. Wanda ya tafi shi kaɗai zai iya biyan kusan ninki biyu. Sai kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane dare: wajen yuro 12 kan kowane babba a MSC da Costa, dala 16 zuwa 20 a kamfanonin Amurka. Mata da miji a dare 7 ke nan yuro 168. P&O da Marella, shi ma kamfanin mutanen Ingila, sun haɗa shi cikin farashi, don haka tsadarsu ta ido ce. Intanet da lemon kwalba da yawon gari da ganin likitan jirgi, kowanne da kuɗinsa.

Inda masu fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana suka fi shan kashi shi ne biza. A bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Idan jirgi ya tashi daga Italiya, ya tsaya Tunis ko Turkiyya ko Montenegro, sannan ya dawo, to an fita yankin Schengen (ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya) an sake shiga, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, sai mai shiga sau da yawa. Wasu ƙasashen da za a tsaya kuma suna da nasu sharaɗin, ko da mutum ya ce ba zai sauka ba. Takardar zama a Ingila ba ta wakiltar bizar Schengen. Wanda takardunsa ba su cika ba, a bakin tasha ake mayar da shi, kuma ba a maido da ko sisi. Fasfo ya kasance da sauran wata 6, kuma a nemi amsar kamfani a rubuce, ba ta bakin dillali ba. Mai juna biyu da ta kai mako 24 ba a ɗaukarta, haka jaririn da bai kai wata 6 ba a yawancin kamfanoni.

Shi kansa jirgin a duba shekarar da aka ƙera shi da ta gyaransa na ƙarshe. A raba adadin tan ɗinsa, wato ma'aunin girman jirgin, da yawan fasinja: ƙasa da 30 cunkoso ne, 40 zuwa sama akwai sarari. Mai jin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan tangaɗi ya fi sauƙi. A guji ɗakin da ke ƙarƙashin wurin cin abinci, don jan kujeru tun asuba ake farawa.

Naman halal ba a samunsa kai tsaye, sai an nema a rubuce makonni kafin tashi, in ba haka ba a dogara da kifi da ganye. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana nuna inda aka fuskanta. Wanda ba ya son zama inda ake giya da caca, akwai AROYA ta Saudiyya, wadda ba a yin su a cikinta, ta fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, da abinci halal da wuraren salla.

Haɗarin gaske shi ne kamfani ya durƙushe da kuɗin mutane. Ya faru da Pullmantur da CMV a 2020, sannan Crystal a 2022, har aka kama jiragensa biyu a Bahamas saboda bashin mai. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 ta wajabta wa masu sayar da irin wannan tafiya su tanadi kariyar kuɗin fasinja. A Ingila kuma a nemi shaidar ABTA, ko ATOL idan an haɗa da jirgin sama, su ne tsare-tsaren kare kuɗin matafiya a can. A biya da katin bashi, kada a tura kuɗi asusun wani. In duk wannan ya yi daidai, a fara da gajeriyar tafiya ta dare 3 ko 4 daga Barcelona ko Genoa kafin a ɗauki ta mako guda da iyali.