Tausa a Hannun Wanda Ya San Aiki: Abin da Na Gani a Zariya

Duk tela ya san ciwon da zan yi magana a kai. Daga tsakanin kafaɗu yake farawa, wurin da hannunka ba ya kaiwa, ya hau wuya, wata rana kuma ya sauko ƙugu ya riƙe, yadda in ka tashi daga kan keke sai ka ɗan tsaya a duƙe kafin ka miƙe. Shagona yana Tudun Wada, kuma daga shigowar azumi zuwa daren sallah ba mu san wani abu wai shi hutu ba. Masu ɗinkin hannu na cikin birni, waɗanda ke wuni a zaure suna zuba aska takwas a babbar riga, nasu ma ya fi namu, don su kai a sunkuye yake tun hantsi. Maganin da muka sani ɗaya ne: a aiki yaro kemis ya karɓo diclofenac ko ibuprofen, a shafa man zafi, a koma bakin aiki.

Wani ma'aikacin jinya da nake yi wa ɗinki ne ya ga kwalin maganin a kan teburina, ya ce mini irin waɗannan ƙwayoyin in aka daɗe ana sha suna cin ciki su jawo olsa, suna kuma taɓa ƙoda. Shi ya kwatanta mini wani likitan gashi, wato mai gasa jiki da motsa gaɓoɓi (physiotherapist), da ke yin tausa da yamma a wani ɗan wuri ta wajen Samaru. Na je, na kuma ci gaba da zuwa har na ga abin da ya isa in faɗa wa 'yan uwana.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi saurin taɓa ni ba. Zaunar da ni ya yi, ya auna jinina, sannan ya shiga tambaya.

"Malam, ciwon yana sauka ƙafa? Kana jin ƙafar na mutuwa, ko kamar ana tsira maka allura? Fitsari fa, kana riƙe shi lafiya? Akwai zazzaɓi? Ka rame kwanan nan ba dalili? Ka taɓa faɗuwa a mashin?"

Na ce duk babu. Ya ce alhamdulillahi, da an samu ko ɗaya daga ciki asibiti zai tura ni a duba tukuna. Daga nan ya ce in zauna yadda nake zama a kan keke, in yi kamar ina tura yadi. Ya zagaya bayana ya duba, ya ce, "Ka ga kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu zuwa gaba, haɓarka kuma ta wuce ƙirjinka. Naman wuyanka ne ke ɗauke da kanka wuni guda, shi ya sa ya gaji ya sage."

Tausar kanta ba ta yi kama da wadda muka saba a gida ba. Tawul mai ɗumi ya fara ɗora mini a baya na ɗan lokaci. Ya narka man kaɗanya a tafinsa, ya riƙa jan hannu a hankali daga ƙugu zuwa kafaɗa, ta gefe da gefen ƙashin baya, bai hau kan ƙashin ba ko sau ɗaya. Da naman ya saki sai ya fara matsawa yana murzawa. Can kusa da allon kafaɗata ta dama ya tsaya, ya ɗora babban yatsa a kan wani ɗan ƙullutu da ban san da shi ba. Yana dannawa na ji zafin ya harba har bayan kunnena, daidai inda ciwon kai ke kama ni da la'asar. Ya ce, "In zafin ya kai ka kasa numfashi a natse, ka faɗa mini in sassauta. Ba a son ka cije." Ya riƙe wurin kamar minti ɗaya, ina jin zafin na raguwa a hankali har ya koma ɗumi. Haka ya bi wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama na tambaye shi ko zai murɗa mini wuya ya yi ƙara, irin yadda wasu masu aski ke yi. Ya ƙi. Ya ce akwai jijiyoyin jini da ke bi ta wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, kuma fizgar wuya da ƙarfi na iya yi musu illa. Ba kasafai yake faruwa ba, in ji shi, amma in ya faru ba ƙaramin abu ba ne, kuma ƙarar nan ba ita ce sauƙin ba. Tun daga ranar na hana yaran shagona yi wa juna.

Washegari jikina ya yi tsami, wanda dama ya gaya mini zai yi. A rana ta biyu ne na ga aikin. A sallar asuba na yi sallama dama da hagu da wuyana kaɗai, ba tare da na juya kafaɗu gaba ɗaya ba, abin da na daɗe ban iya ba. Ruku'u ya daina zame mini wahala. Barci kuma ya dawo. Da nakan farka cikin dare in gyara filo, yanzu sai kiran sallah. Ƙwayoyin da nake sha kusan kullum suka koma sai jefi-jefi.

Amma in faɗi gaskiya, sauƙin ba ya dawwama shi kaɗai. In na koma irin zaman da, bayan mako ɗaya ko biyu ciwon zai fara leƙowa. Shi ma likitan bai ɓoye mini haka ba, kuma wannan ne ya sa na ƙara yarda da shi. Ya ce tausa tana sassauta naman da ya sage, tana kwantar da hankali, kuma taɓa fata da matsa ta na rage saƙon ciwo da ke tafiya ƙwaƙwalwa ta lakar baya. Wannan bayani wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo shi a 1965, kuma shi ne dalilin da ya sa in ka buge gwiwa hannunka ke zuwa ya murza wurin tun kafin ka yi tunani. Batun cewa tausa na fitar da guba ko dattin jiki, ko tana warkar da ciwon suga da hawan jini, ya ce kada in saurari mai faɗar haka. Tace jini aikin hanta da ƙoda ne.

Ciwon baya kuwa ba namu ne mu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane da hana su aiki a duniya. A ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai ciwon, haɗe da motsa jiki da wayar masa da kai. Tun 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci a Amurka ta ba da shawarar a fara da gashi da tausa kafin a kai ga magani in ciwon sabo ne. A Ingila ma ƙa'idarsu ta ce a yi tausa, amma sai tare da motsa jiki. Abin da nake gani a jikina ke nan.

Don haka rabin amfanin da na samu daga aikin da likitan ya ba ni in riƙa yi da kaina ya fito. Ya ce duk rabin awa in tashi daga kan keke ko da zuwa bakin ƙofa ne. Ya koya mini jan haɓa baya ba tare da ɗaga kai ba, da matse allunan kafaɗa biyu a riƙe a saki. Ya sa na gyara tsayin kujerata, na kuma matso da fitila kusa da allura don in daina leƙe. Tafiyar ƙafa bayan la'asar ita ce ta fi ba ni wuya saboda aiki, amma ranar da na yi, ina jin bambanci.

Mu Hausawa tausa ba baƙuwarmu ba ce. Ungozoma na yi wa mai jego, jikoki na taka bayan kaka, wanzami na yin ƙaho, maɗori na gyara targaɗe. Ban raina ko ɗaya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne sanin wanda bai kamata a taɓa ba. Wanda sha raɓarsa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma matsa wurin na iya tura gudan jinin zuwa huhu. Haka mai zazzaɓi, mai sabuwar karaya ko rauni, mai shan maganin tsinka jini, tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, da mai ciki, duk sai an bi a hankali ko a bari sam. A gabana wasu samari suka kawo mahaifinsu, ɓarin jikinsa ya saki tun safe, suna son a tausa masa hannu. Likitan ya ce, "Ku ɗauki Baba yanzu ku wuce asibitin koyarwa na Shika, kada ku tsaya ko'ina. Aikina sai bayan likitoci sun gama nasu." Har bakin mota ya raka su.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗakin ƙarami ne, labule kawai ya raba shi da wurin jira, ana jin duk abin da kake faɗa. In an ɗauke wuta lokacin bazara zaman ba daɗi. Kuɗin zama ɗaya ya kai na ɗinkin kaftani mara aiki, wanda ba kowane ɗan acaɓa ko mai ga-ruwa ne zai iya biya a kai a kai ba, alhali su ne suka fi buƙata. Babbar matsalar ita ce ta mata. Maiɗakina na fama da ƙugu tun haihuwarta ta ƙarshe, amma macen da ke yi wa mata aiki ba kullum take zuwa ba, sai an yi waya an sa rana, wani lokacin a jira fiye da mako. A gari mai jami'a da asibitin koyarwa kamar Zariya, ya kamata a ce 'yan matanmu da yawa sun karanci wannan fanni.

Ga mai niyyar zuwa ko'ina ne, ya tambaya ko mai aikin yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba likitocin gashi lasisi a Nijeriya. Ya duba ko ana canza zanin gado bayan kowane mutum. Inda na je ana canzawa. Kada ya cika ciki kafin ya tafi, ya sa kaya masu sauƙin cirewa, kuma ya riƙe kwalayen magungunan da yake sha da hoton ƙashi in an taɓa yi masa.